Malam Buba Mai Buga Hoton Wuta

Ranar wata Asabar, a shekarar da na shiga aji huɗu, na dawo daga ɗiban ruwa na tarar da allunan Malam Buba zube a cikin kwata, mutanen gidanmu sun yi masa zobe. Gidan haya ne a Agege, ɗakuna suna kallon juna, kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa.

Malam Buba mutumin tsaunin Mambila ne, gadi yake yi a Ikeja. Ranar hutunsa sai ya sassaƙa zane a jikin katako, ya shafa masa tawadar da ya haɗa da baƙin tukunya, ya ɗora takarda ya goge ta da bayan cokali. Abu ɗaya yake bugawa kullum, wutar da makiyaya ke sa wa ciyawar tsauninsu, da wasu ƙananan furanni da ya ce ba sa fitowa sai ƙasa ta ƙone. Mu yara mukan watsar da langa mu tsugunna muna kallo. Ni har na fara sassaƙa tsohon silifas ina kwaikwayonsa.

Sai gobara ta cinye rumfuna a kasuwa, har da ta mahaifina ta tumatir. Ba wanda ya yi zancen ruɓaɓɓun wayoyin lantarki. Baba Sule dillalin albasa ne ya fara cewa, "Mutum yana kwana da hoton wuta, me kuke jira ya jawo mana?" Iya Bose mai gidan ta ɗauki maganar da Yarbanci, mata suka hana Malam Buba guga a rijiya. Haka aka yi ta tsangwamarsa har wannan Asabar ɗin.

"Alhaji, har da kai?" Malam Buba ya tambayi mahaifina, da ya gan shi cikin taron.

"Kwashe kayanka, Buba. Ba na son doguwar magana."

Ya tsince allunan, ya wanke su da ruwan butarsa, ya hau motar haya ta danfo. Ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Silifas ɗina kuwa mahaifina ya wurga shi bayan katanga, na sha bulala.

Yanzu an rushe gidan an jera shaguna, na kuma tambayi masu gadi da dama a Ikeja, ba wanda ya san Malam Buba. Baba Sule ya tsufa. Mukan haɗu a masallacin Juma'a, ya riƙe hannuna yana sa mini albarka, ina amsawa saboda furfurarsa. Amma har yau ban iya tsayawa kusa da shi a sahu ba.