Ranar da Na Yi wa Surukina Tafinta

A shekarar da korona ta rufe makarantu, ni malamin Turanci ne a wata sakandare a Gaya, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai littattafai fiye da kujeru a ɗaki. Ina da wani ciwo da ba ya kwantar da mutum, wato son a ji ni ina Turanci. Da aka sallami ɗalibai na rasa masu sauraro, sai na koma zama gindin darbejiya ina kallon gero yana tasowa, ina tsara jawabai a raina ga taron da babu shi. Kwanakin nan sun narke cikin juna. Har yau in na tuna su, kamar ta cikin ruwa nake hango su.

Ana haka wata tsohuwar ɗalibata, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti a Ajingi, ta kira ni. Ta ce likitoci masu bincike kan sankarar mafitsara da ƙoda da gaban maza za su yi taro. Saboda annoba kaɗan ne za su zauna a zaure a birni da tazara tsakaninsu, sauran kowa daga gidansa ta intanet, har da na ƙasashen waje. An ware awa guda a ji daga bakin mutanen karkara abin da ke sa su makara zuwa asibiti, kuma duk wanda aka ji alamar haɗari a bayaninsa za a rubuta sunansa a kai shi birni a duba. Tafinta ake nema. Ban bari ta ƙarasa ba. Mako biyu ina haddar kalmomin likitanci ina gwada su a kan awakin gidanmu, waɗanda suka fi 'yan ajina natsuwa.

Ranar taron an yi yayyafi. Na isa cikin gugaggiyar babbar riga, na tarar an ajiye kwamfuta a barandar asibitin, ga fuskoki a jere a ƙananan tagogi, wani a ofis, wata a kicin ɗinta, can a gefe kuma zauren birni da mutane jefi-jefi cikin takunkumi. Na ji kamar mafarkin gindin darbejiya ne ya biyo ni. Sai na waiwaya ga bencin dattawa uku da za su yi magana. Na ukun surukina ne, mahaifin matata, manomi kuma limamin wani ƙaramin masallaci a Toranke. Shekara goma sha biyar ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa. A nan ya kamata in ce a nemo wani. Amma na riga na yi guga.

Ni kaɗai ke sanye da makirufo, muryata ce kawai ke isa taron, ɗalibar tawa kuma tana can bakin katanga ta ɗaga waya sama don kada sabis ya yanke. Na farko da na biyu na fassara su tiryan-tiryan, har wani farfesa ya gyaɗa kai, na ji kaina ya kumbura. Da aka zo kan Baba, sai ya juya mini baya, ya ce a hankali ta cikin takunkumi, wai da na'ura yake magana, ba da ni ba. Ya ce watanni ke nan yana fitsarin jini, wani lokaci da gudaji, babu zafi ko kaɗan, har ya daina jan sallah saboda shakkar tsarkinsa. Bakina ya ƙi. Ta yaya zan furta wannan a kan mahaifin matata, yana zaune taku biyu daga gare ni, ga duniya ta zuba ido? Sai na ce dattijon yana fama da 'yan matsalolin tsufa, da ragowar tsargiya irin ta masu aikin fadama. Wata likita ta matso da fuskarta ta tambaya ko akwai jini yanzu. Na ce da can ne. Jimlolina ranar babu kuskure ko ɗaya.

An rubuta sunayen dattawa biyun farko, ba a rubuta nasa ba. Baba ya koma Toranke ya gaya wa iyalinsa manyan likitocin duniya sun ji bayaninsa ba su ga abin tashin hankali ba. Daga nan duk wanda ya yi masa zancen asibiti sai ya ce wane asibiti ya fi waɗancan. Ni kuma kullum sai in ce gobe zan gaya wa matata. Bayan an girbe dawa ya faɗi a gona. A birni aka ce sankarar mafitsara ce, ta bazu, kuma watannin da suka wuce su ne da sun yi amfani. Kafin ya rasu ya aiko matata ta yi mini godiya, wai na isar masa da maganar da ya kasa gaya wa 'ya'yan cikinsa.

Bara na gaya mata gaskiya. Washegari ta tambaye ni ko kunyar Baba na ji ko kunyar farfesoshi. Har yau ban ba ta amsa ba, domin na san amsar.

Kunyar suruki tarbiyya ce, ban rubuto don in zage ta ba. Amma dattijon da ya fi ni dalilin jin kunya ya ajiye tasa don ya rayu, ni na ɗauka na rufe shi da ita. Wanda duk ya ga jini a fitsarinsa, da zafi ko babu, ya je a duba shi, kada ya yanke wa kansa hukuncin tsargiya. Kai kuma da aka sa ka zama bakin maras lafiya a gaban likita, in ka san akwai kalmar da ba za ta fito daga bakinka ba, tashi tun kafin a fara. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe mini.