Ramar da Ta Kusa Raba Mu da Gidan Haya

Shekarun baya, muna haya a Agege cikin irin gidan nan mai ɗakuna jere suna kallon juna, mahaifiyata ta zo daga Arewa yi mini wankan jego. Maigidana direban tanka ne, sai ya yi kwanaki a layin ɗaukar mai na Apapa ba mu gan shi ba.

Ranar da ta ga alayyafon da aka sayo mini, ta ɗaga shi da yatsa biyu ta ce, "Wannan ganye ne ko tsumma?" Ashe ta taho da iri ƙulle a leda. Ta tattaro tsofaffin bokitan fenti, ta cika su da ƙasa, ta jera a bayan kicin. Ta shuka alayyafo da lalo da ɗoɗɗoya da na'a-na'a, sai rama a manyan bokitan. Ruwan wankin shinkafa ma ya daina zuwa kwata.

Kafin wani lokaci wurin ya yi shar. Tukunya na kan wuta zan miƙa hannu in tsinko abin miya. Na huta da aike kasuwar Mile 12, sauro ma ya ragu a bakin tagar da ɗoɗɗoya take.

Sai na fara lura da wasu abubuwa. Maƙwabciyata, Bayarabiya mai sayar da burodi, ta hana 'ya'yanta zuwa ƙofarmu. Mai gidan, wani dattijo da ba ma ganinsa sai ƙarshen wata, ya koma zuwa a kai a kai, ya tsaya kan bokitan yana girgiza kai. Wani kwandastan danfo, motar hayar nan, ya tare ni a hanya yana murmushi, wai, "Hajiya, a riƙa tunawa da mu mana." Wata safiya kuma muka tarar an karye reshen rama an tafi da shi.

Mahaifiyata ta ce, "Hassada ce. Kar ki yarda ki ci abin hannun kowa a gidan nan."

Ni kuwa na ɗauka so ake a tashe mu a sa wani. Na zama mai gadin bokitai, jariri a kafaɗa, ido a ɓular labule. Ko kaza ce ta gifta sai na bi ta da harara.

Ran wata Asabar mai gidan ya shigo da ɗan ƙanensa, wanda aka ce ɗan sanda ne, 'yan haya na biye da su. Ya nuna ramar da sandarsa, ya ce da guntuwar Hausarsa, yana kirana Iyawo, wato amarya, "Iyawo, ba za a noma wiwi a gidana ba. So kike hukuma ta rufe mini gida? Ku kwashe kayanku kafin wata ya ƙare."

Ga ɗanyen goyo, ga mijina ba ya nan, ga samun ɗaki a Legas. Sai a lokacin na kalli ganyen da idonsu: tsage-tsage kamar yatsu, sak abin da suke tsoro.

"Me yake cewa?" in ji mahaifiyata.

"Inna, wai wiwi muke nomawa."

Ta yi salati. "Ni? Da furfurata?" Ta tsinko ganye ta tauna a gabansu, ta miƙa wa ɗan sandan wani. Ya murza, ya sansana, sannan ya kai baki. Tsamin ya sa ya runtse ido ɗaya. Maƙwabciyata ta karɓa ta ɗanɗana, ta buga cinya ta ce, "Ah! Ai ɗan uwan ishapa ne!" Sunan yakuwa ke nan a wajensu. Nan ta faɗa da bakinta cewa ita ta karye reshen ta kai wa mai gida.

Dattijon bai gamsu ba. Mahaifiyata ta yi kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli ta aika masa, aka dawo da kwanon ko taɓawa bai yi ba. Ya dai janye maganar tashi, amma bai fasa zuwa duba ba, sai da ramar ta yi fure ruwan ɗorawa irin na kuɓewa. Ran nan ya daɗe a tsaye, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri," ya juya.

Abin da ke ba ni mamaki har yau, makonni muka yi muna leƙen juna, su suna tsoronmu, mu muna tsoronsu, kicin ɗaya muke shiga, amma aka rasa mai buɗe baki ya tambaya.

Ban daina shuka ba. Sai dai duk gidan da na koma, kafin rama ta kai gwiwa nakan kira mai gida in ba shi ganye ɗaya ya tauna. In na ga ya yamutsa fuska, na san na zauna lafiya.