Geron da Na Sata a Rumbun Coci

Ni ne mai kula da rumbun cocinmu a shekarun farin nan. Dattawa sun zaɓe ni ne don sun san ni da tsoro. Ko tsinken tabarmar coci ya maƙale a rigata, sai na koma na ajiye shi kafin in iya cin tuwo. Karatuna bai wuce firamare ba, amma aikin ba ya bukatar karatu. Ka hau tsani, ka ɗaga jinkar rumbu, ka duba gara da ɓera, ka rufe.

Mu 'yan gidaje ne kaɗan Kirista a tsakiyar gonaki, tafiyar hantsi daga Kunci, maƙwabtanmu duka Musulmi. Al'adarmu ita ce ranar godiyar kaka kowane gida ya kawo damin gero gaban bagadi, wurin miƙa wa Allah baiko. Daga nan ya zama na Allah. Ba a sussuka shi, ana jera shi da zangarniyarsa a rumbu. Dattawa sun yi alkawari tun ina saurayi cewa ranar da rumbun ya cika za a sayar a yi wa cocin rufin kwano. Wannan ne burinsu. Sun sha dariyar mutane a kan ɗakin sujada mai jinka, suna so kafin su mutu su ji ruwa yana dukan kwano a kansu.

Sai damina biyu suka zo a jere ba abin kirki. Muka ci abin da ke rumbunanmu, muka ci dusa, muka ci tafasa da yaɗiya. A ƙarshe muka ci iri. Wanda ba manomi ba ba zai gane nauyin wannan ba. Samari da yawa suka tafi ci-rani wajen Watari, wasu suka kwashe iyalinsu. Ranar Lahadi sai ka ga rabin tabarmi ba kowa. Bazara ta zo, gizagizai sun fara tasowa daga gabas, kuma ba mu da abin da za mu sa a ƙasa. In ruwan shuka ya sauka ya same mu haka, sauran gidajen ma tashi za su yi.

Wata Lahadi bayan sujada, 'yar ƙanwata ta miƙe a ɓangaren mata. Malamar makaranta ce, ba ta daɗe da gama kwalejin malamai ba. A lokacin mace ba ta magana a taron dattawa. Kakanta na wajen uba shi ne babban dattijonmu, shi ya fara karɓar bishara a yankin, kuma da hannunsa ya yi tubalin cocin. Idanunsa sun kusa mutuwa, kowa Baba yake ce masa.

Ta ce, "Baba, a buɗe rumbu a raba mana iri."

Ya juya fuskarsa wajen muryar. "Amaryata ce ke magana? Wa ya ba ki izini?"

"Yunwa ce ta ba ni, angona. Rufin kwanon nan wa zai zauna ƙarƙashinsa? Ƙadangaru?"

Matasa suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Baba bai yi ba. Ya ce abin da aka miƙa wa Allah ba a miƙa hannu a karɓe shi. Ya ce iyayensa ma da suke yanka a gindin tsamiya ba su taɓa komawa sun ɗauke abin da suka ajiye ba, balle mu. Sannan ya ƙara da abin da ya rufe bakin kowa: geron nan ya kwana shekara uku zuwa sama, ya mutu, ba zai tsira ba. Za mu yi saɓo ne a banza.

Ta dube ni. "Kawu, kai ne ke shiga ciki. Ya mutu?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa, amma tun daga bakin coci har gida tambayar ba ta sake ni ba.

Washegari da hantsi na hau duba gara kamar kullum. Cikin rumbun da sanyi, da ƙamshin tsohon gero. Na tsaya a kan dammunan. Ban shirya ba, Allah ya sani. Na zura hannu can ƙasa, na karya bakin zangarniya ɗaya, tsawon ɗan yatsana, na sa a aljihu. Wajen saukowa, don sauri, har na tsallake matakin tsani biyu.

A bayan ɗakina na sami tsohon kasko, na zuba ƙasa, na murje ƙwayoyin a ciki, na yayyafa ruwan da matata ta ba ni na wanke fuska. Na kifa kwando a kai saboda kaji.

Kwana ukun da suka biyo ban san ɗanɗanon komai ba. In ya ƙi tsira, na yi sata a banza. In ya tsira, dole in faɗa, kuma ba yadda zan faɗa ba tare da na ce ni ɓarawo ne ba. Na rasa wanne zan roƙa. Matata ta ga ina zagayawa bayan ɗaki sau goma a rana.

Ta ce, "Maigida, zawo kake yi ko ƙwai kake kwanci?"

Na ce ta bar ni. Ta ɗaga kwandon da kanta, ta ga ƙasa kawai, ta mayar. "To, Allah ya ƙyanƙyashe."

Rana ta huɗu da safe na ɗaga kwandon. Na daɗe a tsugune. Tsiro ne sirara kamar allura, kore shar, kowanne da ɗigon raɓa a bakinsa. Ko'ina ƙasarmu ta ƙone, akuya ba ta samun abin tsinka, ga kuma wannan a cikin fasasshen kasko. Shekaru yana kwance a duhu, muna binne yara muna wucewa ta gindin rumbun, ashe da ransa. Na cire hulata ban san na cire ba.

Ranar Lahadi na ɗauki kaskon a rufe da tsumma. Sau biyu na juya zan koma gida. Da mai bishara ya tambaya ko akwai mai shaida, na miƙe.

Na ce, "Jama'a, na yi sata. Geron Allah na ɗiba."

Na je gaban Baba na durƙusa, na ajiye kaskon, na janye tsumman. Mata suka miƙa wuya. Baba ya ce, "Me ya kawo?" Jikarsa ta taso, ta haye ɓangaren maza, abin da ba a taɓa yi ba, ta kama hannunsa ta ɗora a kan tsiron.

Ya shafa a hankali da bayan yatsunsa. Ya sake shafawa. Ya sunkuya ya shinshina. Na ga leɓensa yana motsi ba sauti. Ban taɓa jin cocin nan ya yi shiru irin na ranar ba, har kukan kurciya a kan tsamiya muna ji.

Ya ce, "Daga wane dami?"

"Na ƙasa, Baba. Mafi tsufa."

Baba ya ɗaga hannunsa daga tsiron. Sai ya ce, "Mu ne muka ce kwano. Na zauna ina tunawa, ban tuna ranar da Shi ya ce kwano ba. Mun ba shi gero, ya riƙe mana shi da rai, mu kuma muna gadin sa kamar kabari." Ya lalubo kaina ya dafa. "Kai kuma, a duk garin nan a rasa ɓarawo sai kai. Hukuncinka, gobe ka shiga ka miƙo shi duka."

Wani dattijo ya ce ba da shi ba, ya ɗauki sandarsa ya fita. Ya yi wata biyu bai zo sujada ba, kuma bai karɓi ko ƙwaya ba. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Da ni ne a wurinsa wataƙila haka zan yi.

Litinin na shiga na yi ta miƙowa. Mata suka yi sussuka a harabar coci, ƙarar taɓarya ta kira maƙwabta. Malamin da gonarsa ke iyaka da tawa ya tsaya daga nesa yana kallo. 'Yar ƙanwata ta tambayi kakanta ko a ba shi, ya ce, "Ruwan in ya zo, zai tsaya a iyakar gona ne?" Aka cika wa malam ƙwarya, da sauran waɗanda suka zo. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi mana addu'a irin tasu, muka ce amin.

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana tara. Daminar ba ta cika ba, amma ta riƙe mu, wasu daga cikin 'yan ci-rani suka dawo. Da kaka aka kawo dammuna gaban bagadi, mai bishara ya sanar cewa daga yau rumbun coci sunansa rumbun iri. Baba ya rasu bayan shekara biyu, jinka tana yoyo a kansa har Lahadinsa ta ƙarshe.

Har yanzu kowace bazara nakan shuka kasko kafin a buɗe rumbu, da izinin kowa, matasa suna tsaye suna jira. Amma wancan na farko ban daina neman gafara a kansa ba. Lokacin da na karya zangarniyar ban san zai tsira ba.