Ramukan Ƙofar Motar Baba

Wata Asabar ce da hantsi, gab da faɗuwar damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Baba yana kwance a kan buhu a ƙarƙashin motarsa, ƙafafunsa kawai ake gani, ni kuma ina tsugune da tsinken tsintsiya a hannu. Lungunmu na Sheshe ko amalanke da ƙyar take wucewa, don haka motar a bakin titi take kwana, gindin wata darbejiya. Doguwa ce fara, wadda yake ɗaukar 'yan kasuwa da ita zuwa kasuwannin ƙauye. Da ita muke ci, da ita muke sha, kuma in ban yi ƙarya ba, ya fi tausayinta a kan ƙafarsa mai ciwo.

Duk unguwa an san Baba, wato Malam Bukar direba, da abu ɗaya: baƙin mai. Ba ya zubar da man da aka juye daga inji. Sai ya tace shi da tsumma, ya sirka da ɗan kananzir, ya ɗura a famfon feshin maganin sauro. Kafin ruwan farko ya feshe ƙarƙashin motar kaf, ya bi ta bayan tayoyi, sannan ya zura bakin famfon cikin ƙofofi ya fesa. Yakan ce, "Tsatsa daga ciki take farawa. Ranar da kika gan ta a waje, ta gama aikinta." Maƙwabta masu mota har layi suke yi ya fesa musu, ba ya karɓar ko sisi. Ya ji an ce motar Malam Bukar ta girmi 'ya'yansa amma ba tabo ko ɗaya, wannan ya ishe shi.

A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramuka biyu da ruwan sama ke fita ta nan idan ya bi gilashi ya shiga. Gwiwar Baba ba ta lanƙwasuwa sosai, shi ya sa ya ba ni aikin sokale su duk Asabar, don kada laka ta toshe. Ni ce babba, ni ce kuma mai rawar kai, na karɓi aikin ina hura hanci a gaban ƙannena.

Matsalar ita ce ramukan nan ba ruwa kaɗai suke zubarwa ba. Bayan feshi, sai su yi makonni suna ɗigar da baƙin mai a dokin ƙofa, daidai inda nake taka ƙafa in shiga idan Baba zai rage mana hanya zuwa makaranta. Wandon makarantarmu fari ne. Inna ta wanke da sabulu, ta jiƙa, ta murza har hannunta ya yi ja, tabon yana nan. Ranar Litinin da ake duba tsafta, malama ta fito da ni gaban layi ta nuna bakin wandona da tsinin bulala. Daga ranar sunana ya tashi daga Falmata ya koma 'Yar Baƙin Mai. Ko a wajen 'yar gala-gala, in na ɗaga ƙafa sai an yi dariya.

To a wannan Asabar ɗin, maimakon in sokale ramukan ƙofofin baya, sai na yayyaga ragowar shuɗin ƙyallen da aka yi mini ɗankwali da shi, na tura da tsinken har ciki, na liƙe da cingam. Daga ƙarƙashin mota Baba ya ce, "Falmata, kin duba?" Na ce, "Na duba, Baba." Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Wannan albarkar har yau tana yi mini nauyi.

Wandona ya tsira, ni kuwa na manta da batun. Damina uku ina ce masa na duba. Akwai ranar da muka faɗa rami a hanyar Kabuga, ya karkata kunne ya ce kamar yana jin motsin ruwa a baya. Gabana ya faɗi, amma bakina ya riga ni, na ce ai jarkar ruwan da ke cikin but ce. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da tuƙi.

Ina ajin farko na sakandare fentin ƙasan ƙofofin baya ya fara kumbura kamar ƙuraje. Baba ya danna da babban yatsa, yatsan ya shige, jan ruwa ya biyo hannunsa. Kafin la'asar labari ya zaga majalisa: ashe baƙin man Malam Bukar cin ƙarfe yake yi. Waɗanda suke layi jiya su ne suka fi kowa dariya.

Ranar da aka kai motar wajen Malam Ado mai walda, ni aka aika da abincin rana. Ina isa ana yanke ƙasan ƙofar, ruɓaɓɓen ƙarfe yana zubowa kamar ɓawon gyaɗa. Sai ga ɗan dunƙulen tsumma ya faɗo, ya yi baƙi, amma shuɗinsa bai ɓace duka ba. Baba ya sunkuya da wannan gwiwar tasa, ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya saka a aljihu. Malam Ado ya ce, "Malam, mene ne wannan?" Baba ya ce, "Datti ne ya toshe. Sakacina ne, ban duba ba." Ya karɓi kwanon daga hannuna, ya ce in gaida gida.

Na jira duka, na jira faɗa, ban samu ko ɗaya ba. Ko Inna bai gaya wa ba. Da ya fito da tsumman nan a majalisa, da an san ba mansa ne ya ci ƙarfe ba, amma da sunana ne zai shiga bakin unguwa. Ba wanda ya sake kawo masa mota. Asabar ta gaba na leƙo daga bakin lungu na hango shi ya dafa taya, yana ƙoƙarin durƙusawa da tsinke a hannu. Na so in ruga in karɓa, kunya ta riƙe ni. Na yi ta cewa gobe zan faɗa masa, har na yi aure, har ya rasu.

Yanzu masu gyara suna da man feshi na gwangwani mai tsabta, ba ya ɗiga, ba ya ɓata wandon kowa. Darbejiyar ma an sare ta da aka faɗaɗa titi. Ina da 'yar motata da nake zuwa aiki, kuma duk sanda hadari ya fara haɗuwa sai in zari tsinke a tsintsiya, in tattare zanena, in tsuguna a gindin ƙofofinta. 'Ya'yana suna dariya, wai Mama ta zama makanike. Ina gamawa nakan ce a hankali, "Na duba, Baba." Yanzu gaskiya nake faɗa, sai dai ba mai tambayata.