Likitan Tashar Ƙanƙara

A tashar Ƙanƙara, Malama Suwaibatu mai koyar da kimiyya tana kallon wani mai magani. Ya zura farar riga duk maiƙo, wai shi likita, yana zungurar hoto da tsinke. Hoton ƙwayar halittar ganye ne fa, ga bangonta mai kauri, ga korayen ɗigon da ke haɗa wa tsiro abinci. Ƙila daga ajin da aka kore shi ya ɓallo shi.

"Ga cikinka, Baba! Korayen nan tsutsotsi ne!" yake ce wa wani tsoho mai kumburin ciki, da ke jiran motar asibiti.

Ta ce, "Baba, ganye ne. Mutum ba shi da su."

"Yi shiru, ɗiyata. Ni ke jin motsinsu."

Motar ta tashi ta bar shi yana kurɓar kwalba.