Mil Tara na Duwatsu a Hanyar Illela

Asabar: daga Ƙofar Rini zuwa bakin gada

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka fito daga gidanmu na Ƙofar Rini, ni da yayana Sani. Shi yana tura kekensa, ni ina rungume da jaka mai ɗauke da sabon littafin rubutu, fensir uku da na feƙe tun jiya, da agogon awon gudu. Inna ta rako mu har zaure, ta ce Allah shi kai mu lafiya, ta ƙara da cewa in mun ga abin ya fi ƙarfi mu hau mota mu dawo, babu kunya. Muka tsaya masallacin unguwa muka yi salla, sannan muka nufi bakin gadar Rima.

Ga waɗanda ba su san dalilin tafiyar ba: hukumar wasanni ce ta shirya tseren keke na kwana biyu, Sakkwato zuwa Illela a dawo. Za a haɗa lokacin kwanakin biyu, mutum huɗu na farko a ɗauke su aiki, su riƙa tsere da sunan jiha, da albashi da sabon keken tsere. Yaya Sani mai facin keke ne, shekara goma sha ɗaya yana zaune ƙarƙashin dogon yaro ɗaya. Tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowa ya sayi babur, sai ya wuni bai taɓa taya uku ba. Shekarunsa talatin da ɗaya. Shi da kansa ya ce in bai samu bana ba, ba zai sake nema ba.

Ni kuwa Malam Bitrus, malaminmu na wasanni, mutumin Filato, shi ne alƙalin tseren, shi ya zaɓe ni riƙon agogo. Na tara ƙarfin hali na ce masa yayana na ciki. Ya yi dariya ya ce, "Garba, kai da ka kawo mini takardar jarrabawarka ka ce na ƙara maka maki biyu da kuskure? Riƙe agogo, ka daina damu na."

Mahaya ashirin da shida suka jeru. Uku sojoji ne daga bariki, da kekuna 'yan waje marasa nauyi, masu lanƙwasasshen kai. Sauran irin na Yaya ne, keken gida da aka cire wa kariyar ɗaukar kaya da madigadi da fitila. Kafin a tashi kowa ya sa famfo yana ɗura wa tayarsa iska har sai ta yi tauri kamar icce, domin haka muka taso muna gani: taya mai tauri ita ce mai gudu. Ƙarfe shida da rabi daidai Malam Bitrus ya busa usur, na danna agogo.

Kware da Gwadabawa

Muka bi su a Landiroba, ni da Malam Bitrus da direbanmu Altine. Kwalta sumul ce har Gwadabawa, gero ya nuna hagu da dama, ana ta yanka. Ban taɓa sanin keke na wannan gudun ba. Sun dunƙule wuri ɗaya, tayar wannan na shinshinar ta wancan, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa kamar ana zuba tsaba a kwano.

A Kware akwai shingen sojoji. Sun ɗaga wa mahaya sanda suna yi wa nasu kirari, mu suka tsayar. Sajan ya leƙo ya ga agogo rataye a wuyana, ya ce, "Wannan likita ne?" Altine ya ce, "A'a Oga, mai tsaron lokaci na, kada shi gudu." Sajan ya yi dariya ya ɗaga mana sanda. Mun bar Kware bakwai da minti bakwai, mun shiga Gwadabawa takwas saura kwata, har lokacin Yaya na cikin goman farko.

Duwatsu

Bayan Gwadabawa da 'yan mil kwalta ta ƙare. Ana sake gina hanyar. 'Yan kwangila sun shimfiɗa fasassun duwatsu, kowane kamar dunƙulen hannu, rola ta danne su, amma ba a kai ga zuba kwalta ba. Ba halin kaucewa, domin gefe rairayi ne mai haɗiye taya. Na duba awon motarmu a farko da ƙarshe: mil tara cif.

Mu da ke cikin mota haƙoranmu na haɗuwa, fensir ya ƙi zama a takarda. To, ina ga mai zaune kan sirdi? Na ga naman hannuwansu na rawa kamar ba a jikin ƙashi yake ba. Gorunan ruwa suka riƙa tsalle suna faɗuwa. Wani ya buɗe baki zai yi magana ya ciji harshensa, jini ya zubo masa a riga, bai tsaya ba. Sai tayoyi suka fara fashewa, tas, tas, kamar ana harbi. A mil uku na farko na ƙirga mutum bakwai a gefen hanya.

Na takwas shi ne Yaya. Doka ta hana kowa a mota miƙa wa mahayi ko da sifana. Muka rage gudu, na gan shi durƙushe yana ta fama da ɓamɓare taya, mutumin da kan yi faci yana hira bai ko duba ba. Ya ɗago muka haɗa ido. Malam Bitrus ya ce wa Altine, "Mu je, dole mu riga na gaba isa."

Illela

Mun tsaya ƙofar makarantar firamare, Malam Bitrus ya ja layi da farar ƙasa. Sojojin nan uku suka fara shigowa, na farkonsu a awa uku da minti goma sha biyu. Na huɗu wani siririn saurayi ne daga Dundaye, Lawali, manomi, da keken da ya fi na Yaya tsufa. Yaya ya zo na shida, minti shida da daƙiƙa goma bayan Lawali. Na rubuta, na ja layi a ƙarƙashi. Cikin ashirin da shida, goma sha bakwai suka iso da ƙafarsu, sauran a bayan a-kori-kura aka kawo su.

An sauke mu a aji biyu, aka shimfiɗa tabarmi. Tuwon dawa da miyar kuka kwabo goma a bakin kasuwa, fura da nono kwabo biyar. Yaya bai iya cin tuwo ba, tafin hannunsa duk ya yi bororo, sai fura ya sha.

Bayan la'asar yana zaune gindin bishiyar bedi ya kifa keke yana sake ɗura iska, sai ga wani dattijo ya tsaya da kekensa, buhun albasa biyu ɗaure a baya. Sunansa Arzika, ya ce kullum sai ya ratsa duwatsun nan sau biyu. Ya matsa tayar Yaya da babban yatsa, ya ja tsaki.

"Wa yac cika ma tayag ga iska haka, awa ganga? Biki za ka kaɗawa?"

Yaya ya ce, "Baba, ni mai faci na. Shekara sha ɗaya."

"To, shi ya sa. Kai ka saba gyaran abin da yah hwashe, ni na saba hana shi hwashewa. Taɓa tawa."

Yaya ya taɓa, ni ma na taɓa. Tana lotsawa kaɗan, kamar cikakkiyar salka.

"Taya mai tauri faɗa takai da dutse, kuma dutse ka cin nasara," in ji shi. "Rage mata ta dinga bin shi. Amma kak ka rage da yawa, ƙarhe shi cije roba. Kuma daina shaƙe kan keke awa ka kama ɓarawo, sake shi shi yi rawa tai. Bi tsakiya inda rola tad danne, kuma kak ka rage gudu. Mai tsoro shi ka jin kowane dutse."

Yaya ya ce in ya rage iska ai za a bar shi a kan kwalta. Baba Arzika ya ce, "Hwanhon naka na ado na?" Ya hau kekensa ya tafi, ko tsayawa a yi masa godiya bai yi ba.

Yaya bai ɓoye ba, ya faɗa wa waɗanda ke kusa. Suka yi dariya, wani ya ce mai albasa zai koya wa 'yan tsere hawa. Lawali ya matsa tayarsa, ya ce shi dai yau da tauri ta kawo shi, ba zai canja ba.

Lahadi: komawa

Shida da rabi aka tashi. Yaya ya naɗe kan kekensa da tsohuwar robar ciki, ya ɗaure tafukansa da tsumma. Dab da duwatsu ya tsaya da gangan, ya saki iska gaba da baya, kowa ya wuce shi. Altine ya ce, "Ɗan'uwanka ya haukace."

Abin da na gani bayan nan ba zan manta ba. Ya shiga duwatsun da gudun da ya fi na kwalta, ya miƙe a tsakiyar hanya, gindinsa bai cika taɓa sirdi ba, kan keken na fizga a hannunsa yana barin sa. Sauran na tsalle suna kaucewa, shi kamar ana jan sa da igiya. Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ya wuce na biyar ɗin jiya zaune a ƙasa da karyayyen gargare, wanda daga nan bai sake hawa ba. Ya wuce Lawali. Ya wuce sojoji biyu, ɗaya ya waiwaya yana kallon tayarsa. Tsumman hannunsa ya rine ja, fuskarsa a yamutse, bakinsa na motsi, na san salati yake. Malam Bitrus, wanda ba ya nuna ɓangare, na ji ya ce a hankali, "Kai, Allah mai iko." Ni kuwa sai a mil na takwas na tuna ban rubuta komai ba.

Da ya hau kwalta ya sauka ya kama famfo. Na ƙirga: bugu arba'in baya, talatin gaba, da waɗannan hannuwa. Muka wuce shi a nan. A Gwadabawa muka sayi ƙosai na kwabo biyar ta taga, a Kware sajan jiya ya ɗaga mana sanda yana cewa, "Likita, ina labari?" Goma saura minti ashirin muna bakin gadar Rima, mutane sun cika wurin.

Bakin gada

Soja ne ya fara shigowa. Na biyu Yaya. Jama'ar Ƙofar Rini suka ruɗe da ihu, amma ni na san ba a gama ba. In Lawali ya shigo kafin a cika minti shida da daƙiƙa goma bayan shigowar Yaya, aikin nasa ne. Na kafa ido a kan agogo. Sojoji biyu suka shigo, ratarsu ta jiya ta ishe su. Minti huɗu. Minti biyar. A biyar da rabi aka hango Lawali a can ƙarshen gada.

Tayarsa ta baya babu iska ko kaɗan, a kan ƙarfe yake tafe, kana jin ƙararsa daga nesa. Daga baya muka ji robarsa ta fashe sau biyu, faci ya ƙare masa, tun daga Kware haka yake tuƙawa a tsaye. Wallahi a lokacin ban san wanda nake roƙa wa Allah ba. Ni da ba na iya ɗaga murya a aji, na ji kaina ina cewa da ƙarfi, "Malam, zo ka duba tare da ni!" Ya zo ya tsaya a kafaɗata, na riƙa karanta daƙiƙa a bayyane kowa na ji. Shida da biyar. Shida da goma. Lawali ya taka layi a shida da ashirin da takwas.

Daƙiƙa goma sha takwas, bayan fiye da mil ɗari. Malam Bitrus ya sa hannu a littafina, ya kira sunaye huɗu, Yaya ne na huɗu. Lawali ya zauna a ƙasa ya daɗe, sannan ya tashi ya zo ya matsa tayar Yaya, ya ce, "Baɗi sai ka kai ni wurin mai albasag ga." Yaya ya ce, "Da mota ma, in sha Allahu."

Har lokacin Yaya bai saki keken ba, jingine yake da bangon gada. Ya kira ni da ido, ya ce a hankali, "Garba, buɗe min hannuna, sun ƙiya." Na ɓamɓare yatsunsa daga kan keken ɗaya bayan ɗaya, har goma.

Gida

Altine ya sauke mu Ƙofar Rini ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Inna ta ga hannuwan, ba ta tambayi wa ya ci ba, ta tafi ɗauko man shanu. Da aka kira azahar ni na riƙe masa buta, na wanke masa fuska da ƙafafu, domin ko ruwa bai iya tarawa a tafinsa.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga Malam Bitrus da ya yarda da ni, ga Altine, da mutanen Illela da suka ba mu masauki. Wanda duk ya bi hanyar nan ya gamu da dattijo mai buhun albasa biyu da taya mai laushi, don Allah ya tsayar da shi ya gaya masa cewa mai facin nan na Ƙofar Rini ya zo na huɗu, kuma yana gaishe shi.