Kazar da Ta Ɓata a Garin Masu Rawani

Ina ɗan firamare a Zango aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Manya suna ta murna da muhawara a bakin masallaci, mu kuwa yara hankalinmu yana kan murhun kakarmu, Inna Talle. Da kaka, in an idar da magariba, sai ta ɗora tukunyar ɗanyar gyaɗa a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye wutar muna jiran abu biyu, gyaɗa da tatsuniya. Ni take kira maigidanta, tana yi mini gorin ban taɓa kawo cefane ba amma ni ke fara miƙa hannu.

Ƙanin mahaifinmu, Baba Haladu, shi ne autanta, yana sayar da hatsi a kasuwar Mai'adua. Mutumin kirki ne, sai dai a shekarar nan ya sayi rawani, ya kuma ɗora wa kansa aikin gyara kowa a gidan. Wata rana ya shigo ya tarar da mu, ya tsaya a kanmu.

"Inna, a daina tatsuniyar nan. Ƙarya ce ake koya wa yara."

Mahaifinmu yana kudu wajen aiki, Baba Haladu ke riƙe da gidan, in ya hana abu ya hanu.

Inna ta gyara icen wuta, ta ce, "Na ji, Auta. Zauna ka ci gyaɗa in yi ta bankwana. In ka ji ƙarya ka tsayar da ni."

Ya zauna a kan turmi yana ɓata rai. Ta ce mana ga ta nan, ga ta nanku. Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai a wani gari aka yi baƙon malami mai ilimi, da ɗan rawaninsa. Aka shimfiɗa masa tabarmar gaba, aka kawo masa fura mai sanyi. Mutanen garin ba su saurari karatunsa ba, rawanin suka duba, suka ce ashe wannan ne ke jawo fura. Kafin mako kowa ya naɗa nasa, kowa yana ƙari a kan na maƙwabcinsa. Wani mai suna Tanko ya fi kowa himma. Da yadi ya ƙare ya haɗa da zanin matarsa, ya ƙara da labulen ɗaki, har rawanin ya kai girman ɗan rumbu. Kwance shi aiki ne, don haka a zaune yake barci a jikin garu. A kwanakin nan kazar matarsa ta ɓace, aka neme ta har gidan maƙwabta ba a gani ba.

Ran nan ana suna, liman bai samu zuwa ba. Aka duba wanda ya fi girman rawani, aka tura Tanko gaba ya yi addu'a. Shi kuwa ba abin da ya iya. Sai ya sunkuyar da kai kamar mai zurfin tunani, ko Allah zai kawo masa dabara. Nan Inna ta ƙanƙance murya: "Sai tsiyo! Tsiyo! 'Yan tsaki suka riƙa zubowa daga cikin rawanin suna faɗawa kan tabarma, uwarsu ta biyo su tana fuka-fuki. Daga cikin gida aka ji mace ta rangaɗa guɗa tana cewa, kazata, wallahi kazata!"

Muka yi ta birgima. Da na ɗago, sai ga Baba Haladu ya ƙware da gyaɗa, yana tari yana dariya, hawaye na zuba.

"Haba Inna, ai da ni kike."

"Ni? Kai kana da kaza ne?"

Bai sake zancen hani ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, mu fara biya karatunmu kafin a buɗe tukunya, Inna ta ce wannan kam ta yarda.

Sai da na shiga kwaleji aka ba mu wani tsohon littafin Amurka, na wani marubuci da ya yi suna wajen ba da dariya. Yana zolayar mutanen ƙasarsa ne, masu kwalliyar zuwa wurin ibada da daɗin baki, alhali suna saye da sayar da 'yan'uwansu mutane. Ina karantawa ina dariya, ina kuma jin kunya a madadinsu. A nan na gane abin da Inna ta yi. Da ta yi wa ɗanta faɗa a gabanmu, da ya kafe don kare girmansa. Dariya ce ta ba shi hanyar sauka ba tare da ya ji an kayar da shi ba.

Da na zo hutu na ba ta labarin marubucin. Ta tsufa sosai a lokacin, sai na ɗaga murya.

"Mutanen nasa sun yi dariya?" ta tambaya.

Na ce sun yi, har yau ana yi.

"Sun gyaru?"

Na ce wasu dai.

Ta gyaɗa kai. "To ya yi ƙoƙari, bawan Allah. Ni mutum ɗaya na sa a gaba, shi ma rabinsa na samu."